Tsirkiya Huɗu Ta Ishi Gwani

A tsakiyar Tekun Fasifik, nesa da kowace babbar ƙasa, akwai waɗansu tsibirai da ake kira Hawayi, babban birninsu kuwa shi ne Honolulu. A wannan birni aka haifi wani yaro cikin shekarar 1927, aka raɗa masa suna Eddie Kamae. Yaron nan yana da wa, direban bas. Ran nan wan ya tsinci wani ɗan abin kiɗa da aka manta a cikin mota, ya kawo gida, abin ya faɗa hannun ƙanen. Sunan abin kiɗan ukulele. Da wannan tsintuwa yaro ya fara koyo, bai kuwa rabu da irin abin ba har ya bar duniya a shekarar 2017, yana da shekara 89.

Siffar ukulele ɗaya ce da ta jita, sai dai shi ƙarami ne ƙwarai, ƙaramin cikinsu bai fi kamu ɗaya da 'yan kai ba. Yana da ƙoƙo na katako mai baki a tsakiya, da wuya, da tsirkiya huɗu. An gitta 'yan ƙarafa a kan wuyan, sun raba shi gaɓa gaɓa kamar karan dawa. In mutum ya danne tsirkiya a gaɓa ta farko, amonta ya hau mataki ɗaya. In ya matsa gaɓa ta biyu ya ƙara hawa, haka haka har gaɓa ta 12, inda amon yake komawa irin na farko, sai dai ya fi shi siranta. Wanda ya saba da garaya mai tsirkiya biyu, ko molo mai uku, zai ce ai huɗu yalwa ce. Amma a ƙasashen da ake kiɗa da jita mai tsirkiya shida, da fiyano mai madanni 88, an daɗe ana duban ukulele kamar abin wasan yara.

Asalin abin daga Fotugal yake. Cikin watan Agusta na shekarar 1879 wani jirgin ruwa mai suna Ravenscrag ya iso Honolulu ɗauke da mutanen tsibirin Madera, waɗanda suka zo ƙwadago a gonakin rake. A cikinsu akwai masassaƙa uku, Manuel Nunes da Augusto Dias da Jose do Espirito Santo. Bayan 'yan shekaru suka buɗe shaguna a birni, suka riƙa sassaƙa 'yan kayan kiɗa irin na ƙasarsu da wani itacen Hawayi da ake kira koa. Sarkin ƙasar na wannan zamani, Kalakaua, ya so abin, ya shigar da shi fada, talakawa suka ɗauka. Mutanen ƙasar suka sa masa suna da harshensu, wanda aka fi fassarawa da "ƙuma mai tsalle", wai saboda yadda yatsun makaɗi suke tsalle a kan tsirkiya. A shekarar 1915 aka kai shi wani babban baje koli a birnin San Faransisko, daga nan ya bazu cikin Amurka.

Kafin a gane aikin da Kamae ya sa gaba, sai an rarrabe abu biyu. Na farko shi ne kari, watau hanyar da murya take bi, ta hau ta sauka, amo ɗaya bayan ɗaya. Shi ne abin da mutum yake yi da fito in yana tafiya shi kaɗai, da shi kuma ake gane waƙa ko ba a ji kalmominta ba. Na biyu shi ne amo uku ko huɗu da ake bugawa tare a lokaci guda, su haɗu su zama kamar murya ɗaya mai kauri. A kira wannan dunƙule. Kiɗan Turawa a kan dunƙule yake zaune, haka kuma na Hawayi tun da suka cuɗanya da Turawa. Kari kamar sarki ne ranar hawa, dunƙule kuwa 'yan rakiyarsa. Sarki shi kaɗai a hanya ba shi da kwarjini, 'yan rakiya kuma in ba sarki a tsakiyarsu taro ne kawai.

To, aikin da aka saba ba ukulele shi ne rakiya. Mutum ya danne dunƙule da hagu, ya riƙa shafa tsirkiyoyin da dama, sama da ƙasa, shi ko wani yana rera waƙa a kai. Amma Kamae ba waƙa ta ja hankalinsa ba. Yakan zauna gindin rediyo yana bin duk kiɗan da ya fito, na jaz, da na ƙasashen Latin Amurka, da manyan kiɗe-kiɗen Turai waɗanda makaɗa masu yawa suke taruwa su yi. Shi kuwa ba shi da ƙungiya, daga shi sai ɗan katakonsa. In ya kaɗa kari kaɗai, abin ya fito tsirara. In ya kaɗa dunƙule kaɗai, ba wanda zai san wace waƙa ce. An ce taura biyu ba ta taunuwa, amma shi sai ya nace sai ya tauna. Ba shi ne farkon mai wannan ƙoƙari ba, gwanaye irin su Ernest Kaai da Jesse Kalima sun riga shi. Amma an san shi da wata hanya ta taɓa tsirkiya huɗun tare, yadda kari da dunƙule suke fita a bugu ɗaya. A shekarar 1948 shi da abokinsa Shoi Ikemi suka kafa ƙungiya ta masu ukulele zalla, suka kira ta Ukulele Rascals.

Duk mai son shirya waƙa ta wannan hanya, jiya ko yau, matsala iri ɗaya yake tararwa, maganinta kuma bai sauya ba. Turawa suna kiran amo da haruffa. Tsirkiyoyin ukulele, in an fara daga wadda take kusa da fuskar makaɗi, su ne G da C da E da A. Amma wajen ƙirga daga ƙasa ake farawa: A ce ta ɗaya, E ta biyu, C ta uku, G ta huɗu. C ce mafi kaurin amo. Daga ita zuwa gaɓa ta 12 a kan tsirkiya ta ɗaya mataki 21 ne kacal. Wannan shi ne iyakar gonar mai ƙaramin ukulele, a cikinta zai shuka kome da kome.

Saboda haka aikin farko shi ne ya koyi karin tsantsa, amo ɗaya ɗaya, har ya zauna masa a ka, sa'an nan ya nema masa mazauni. Kowace waƙa tana da wani amo da take komawa ta huta, watau gidanta. Waƙoƙi da yawa sukan gangara ƙasa da gidansu kafin su hau. In mutum ya sa gidan a kan C, to, ya kai bango, babu sauran amo a ƙasa da zai gangara. Amma in ya ɗaga waƙar duka ya sa gidanta a kan F, wanda ya ɗara C da mataki biyar, ya sami sarari a ƙarƙashi, waƙa ta shiga ba tare da an yanke mata ƙafa ba. Tela mai ƙaramin ƙyalle yakan jujjuya shi sau da yawa kafin ya sa almakashi. Haka mai shirya kiɗa yake gwada mazauni biyu ko uku kafin ya tsaya a kan ɗaya.

Aiki na biyu shi ne ya ɗora kari a sama. Kunnen ɗan Adam yana bin amon da ya fi siranta, yana kuma bin wanda ya zo ƙarshe. In makaɗi ya gangaro da babban yatsa daga tsirkiya ta huɗu, a kan ta ɗaya yake ƙarewa. Don haka akan ajiye kari a tsirkiya ta ɗaya ko ta biyu, sauran su ɗauki dunƙule. Ga misali mai sauƙi. G da C da E, ko ba a danne su ba, dunƙule ne cikakke. In mutum ya bar su a sake, ya danne tsirkiya ta ɗaya a gaɓa ta 3, ya shafa duka huɗun, ya sami C a sama. In ya matsa gaɓa ta 7 ya sami E, a gaɓa ta 10 ya sami G. Da yatsa ɗaya ke nan kari ya yi tafiya, rakiya tana biye. Amma ba kowane dunƙule ne mai sauƙi haka ba. Yawancinsu sai an sa yatsa uku ko huɗu, kuma dole mutum ya san kowane ɗaya ta siffa uku ko huɗu a tsawon wuyan, domin duk amon da kari ya nema ya iya kasancewa a sama.

Aiki na uku shi ne inda sababbin hannu suke faɗuwa. Wanda ya koyi dunƙule da yawa yakan so ya sa ɗaya a ƙarƙashin kowane amo, don a san ya iya. Sai hannu ya riƙa tuntuɓe, lokaci ya karye, sarki ya ɓace cikin ƙurar dawaki. Gwani ba ya yin haka. Yakan sa dunƙule a inda ƙafar mai sauraro take bugun ƙasa, da inda rakiya ta sauya, da ƙarshen layi. Tsakanin waɗannan wurare sai ya bar kari ya yi tafiyarsa shi kaɗai. Kunne yana riƙe da dunƙulen da ya wuce har wani ya zo, ba sai an maimaita masa ba.

Aiki na huɗu shi ne zaɓen abin da za a bari. Kari ya riga ya cinye tsirkiya ɗaya, saura uku, alhali akwai dunƙule mai amo huɗu, akwai mai biyar. Ba makawa sai an zubar da wani. A ɗauki dunƙulen C da E da G. C shi ne tushe, E na tsakiya, G na sama. Na tsakiyan nan shi ne yake riƙe da halin dunƙulen. In aka saukar da shi mataki ɗaya tak, abin da yake da fara'a sai ya koma mai juyayi. Don haka ba a cika taɓa shi ba. Na saman shi aka fi sadaukarwa, domin rashinsa ba ya sauya kome ƙwarai. Wani lokaci har tushen ma akan bari, kunne ya cika giɓin da kansa. Sau da yawa amo biyu kawai, kari da abokin tafiya ɗaya, sun fi huɗu daɗin ji.

Sa'an nan akwai tarkon tsirkiya ta huɗu. A jita tsirkiyoyi jere suke, daga mai kauri zuwa siririya. A ukulele kuwa G ɗin nan ta huɗu, ko da yake ita ce a farkon layi, ta fi C da E siranta. Ita take ba abin muryarsa mai haske, amma in kari ya gangara ya sauka kan E ko C, sai ta hau kansa, mai sauraro ya bi ta ya bar waƙa. Maganin shi ne makaɗi ya tsallake ta a wannan wuri, ko ya ɗora mata yatsa ta yi shiru. Haka kuma in kari yana kan tsirkiya ta biyu, dole babban yatsa ya tsaya cik a nan, kada ya zarce ya taɓa ta ɗaya. Waɗansu sukan cire G siririya su ɗaura mai kauri, su sami ƙarin mataki biyar a ƙasa, amma sai sun haƙura da wancan hasken. Waɗansu kuwa suka mai da tarkon riba. Wani Ba'amurke mai suna John King, wanda ya rasu a shekarar 2009, yakan rarraba kari a kan tsirkiyoyi huɗun, kowane amo a tsirkiya dabam, na baya yana ta ƙara na gaba ya shigo, kamar ana kaɗa ƙararrawa. Da wannan dabara ya kaɗa kiɗan Bach, mashahurin mai tsara kiɗa na Jamus.

Abu na ƙarshe shi ne dogon amo. Mai goge yana iya jan amo ɗaya muddin yana so. Tsirkiyar ukulele kuwa, da an taɓa ta sai amon ya fara mutuwa. In waƙa ta zo inda mawaƙi yake jan murya, makaɗi yana da hanya uku. Ko ya karkaɗa yatsa da sauri a kan tsirkiyar, ko ya bi amon dunƙulen ɗaya ɗaya a hankali, ko ya yi shiru. Ta ukun ita ta fi wuya ga mai koyo, domin yana jin tsoron shiru kamar bashi ne. Amma mawaƙi ma yana numfashi, waƙar da ba ta numfashi kuwa gajiyar da mutane take yi.

Duk waɗannan dabaru Kamae ya ƙware a irinsu tun yana saurayi, har aka san shi a matsayin wanda yake fitar da kiɗa mai wuya daga ɗan ƙaramin abu. Amma akwai abu ɗaya da ubansa ya sha roƙonsa, watau ya kaɗa waƙoƙin ƙasarsu. Shi kuwa yana ganin sun cika sauƙi, dunƙule biyu ko uku an gama, ba abin da gwani zai nuna. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba ya hango shi. A wannan zamani harshen Hawayi yana cikin hatsari. An tuɓe sarauniyarsu ta ƙarshe, Liliuokalani, a shekarar 1893. A shekarar 1896 aka yi doka cewa da Ingilishi za a riƙa koyarwa a makarantu. Yara suka tashi ba su iya harshen kakanninsu ba, tsofaffin waƙoƙi kuwa suka rage a bakin tsofaffi, kowane tsoho ya mutu ya tafi da nasa.

A shekarar 1959, shekarar da Hawayi ta zama jiha ta 50 cikin Amurka, Kamae ya tafi wani gari mai suna Waimanalo wurin Gabby Pahinui, makaɗin jita kuma mawaƙi a harshen Hawayi. Suka yi kiɗa tare, abin ya shiga ransa, suka kafa ƙungiya mai suna Sons of Hawaii. Daga nan gwanin ya koma ɗalibi. Ya riƙa zuwa wurin Mary Kawena Pukui, malamar da ta yi aikin babban ƙamus na harshen Hawayi wanda ya fito a shekarar 1957. Ya shiga gidan ajiyar kayan tarihi na Bishop a Honolulu yana tonon tsofaffin takardun waƙa, har da na ita sarauniya Liliuokalani, wadda ta tsara waƙoƙi masu yawa. Ya bi ƙauyuka yana neman tsofaffi, har ya sadu da Sam Lia, wani dattijo mai tsara waƙa na kwarin Waipio. Daga baya shi da matarsa suka shiga yin fim don ajiye abin da suka tarar, na farko a kan wannan dattijo, a shekarar 1988. Ya rayu har ya ga an mai da harshen Hawayi harshen hukuma tare da Ingilishi a shekarar 1978, ya kuma ga samari sun dawo suna neman waƙoƙin da a da aka raina.

Abin da yake cikin wannan juyi ya shafi aikin shirya kiɗa kai tsaye. Kiɗa mai wuya yana rufa wa makaɗi asiri, domin saurin yatsu yana ɗauke hankalin mutane. Waƙa mai sauƙi ba ta da maɓoya. In an sa dunƙule inda bai kamata ba, kowa ya ji. In an murɗe kari don hannu ya sami sauƙi, kalmomin da suke kansa sun murɗe, alhali waƙoƙin Hawayi sukan zo da ma'ana biyu, ta fili da ta ɓoye, kamar karin magana. Dunƙule kuwa abin hannu ne. Makaɗi goma suna iya yi wa waƙa ɗaya rakiya iri goma, duka su yi kyau, in ta wani ta ɓace wani ya sake ƙirƙiro ta. Amma kari amana ne da aka karɓo daga wani. In ya ɓace da mutuwar tsohon da ya san shi, babu gwanintar da za ta dawo da shi. Shi ya sa in wuri ya yi ƙunci a kan tsirkiya huɗu, rakiya ake ragewa, kari ya wuce yadda aka karɓo shi.

Hanyar ba ta tsaya a kansa ba. Herb Ohta, wanda aka haifa a shekarar 1934, ya koya a wurinsa tun yana yaro, ya shahara har ƙasar Japan da laƙabin Ohta-San. A shekarar 2006 kuma aka sa hoton wani saurayi ɗan Honolulu, Jake Shimabukuro, a dandalin YouTube, yana zaune a wani lambu na birnin New York yana kaɗa wata waƙar George Harrison shi kaɗai. Miliyoyin mutane suka kalla, da yawa kuwa ran nan suka fara sanin cewa ɗan abin nan yana iya ɗaukar waƙa sukutum.

Kamae da kunne ya fara, a gindin rediyo. Mai koyo na yau yana da taimakon da ya fi haka sauƙi, watau rubutu. Akan ja layi huɗu a takarda, kowane layi a madadin tsirkiya ɗaya. Lambar da aka rubuta a kan layi tana nuna gaɓar da za a danne, sifiri kuwa yana nufin a bar tsirkiya a sake. In lambobi suna biye da juna daga hagu zuwa dama, ɗaya ɗaya za a taɓa. In an ɗora su bisa juna, tare za a buga. Misalin nan na baya, sifiri uku ne da 3 a bisansu. Duk wanda ya iya karanta lamba daga 0 zuwa 12 ya iya karanta wannan rubutu, ya kuma iya rubuta nasa. Amfaninsa babba ne, domin abin da hannu ya gano da dare, sau da yawa kai ya manta shi kafin gari ya waye, kuma abin da aka rubuta yana iya kai wa jikan da bai ga kakansa ba.

In mutum ya gama shirinsa, akwai gwaji ɗaya da ba ya ƙarya. Ya nemi wanda ya san waƙar tun yana yaro, ya kaɗa masa ba tare da ya faɗi sunanta ba. In mai sauraro ya yi ta yaba saurin yatsu, amma ya tambaya wace waƙa ce, to, da sauran aiki, sai a koma a rage. In kuwa tun layin farko bakinsa ya fara motsi, ya shiga rerawa, ya ja numfashi daidai inda makaɗi ya yi shiru, shiri ya yi, sai a ɗauki alƙalami a rubuta shi.